Sanyin da Nélida ta Sayo

Tsohuwar iyakwandishan ɗin da ke kan rufin motar ta mutu ne ranar da iskar arewa mai zafi ta fara kaɗawa, wato ranar da aka fi buƙatarta. Ta yi wani irin tari, ta zubo ruwa mai tsatsa a kan teburin cin abinci, ta yi shiru. Nélida ta tsaya tana kallon silin, sannan ta juya ta dubi mijinta Ceferino da ke kwance a gadon baya. Shi ma silin ɗin yake kallo. Tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye da sanyin bara, magana ta ƙwace masa, sai ido da hannun hagu suka rage.

Motar nan ita ce gidansu, ba su da wani. Tsohuwar bas ce ta haya, wadda Ceferino ya yi rabin rayuwarsa yana tuƙawa tsakanin ƙauyukan Corrientes. Da aka yi musu ritaya tare, ya saye ta, ya cire kujerun, ya kafa gado da kicin da makewayi da hannunsa, suka sayar da gidansu na bulo suka shiga duniya. In zafi ya matso su gudu kudu inda ake sanyi, in sanyi ya kama su dawo. Yanzu kuwa tafi-da-gidanka ba ta tafiya ko'ina. Tana tsaye a sansanin bakin kogi na Puerto Lapacho, ciyawa ta tsiro a gindin tayoyinta, an jona ta da waya ɗayar da duk mazauna wurin suke shan wuta a jikinta.

A ƙarshen makon 'yarsu tilo Griselda ta zo daga birni, inda take aikin nas. Ƙafa ɗaya ta sa a cikin motar ta ja da baya.

"Mama, ɗaki ne wannan ko tanda?"

"Na'urar ce ta tsaya. Zan sa a gyara."

"Gyara? Wannan ai sai dai jana'iza, ta girme ni fa." Ta wuce ta dafa goshin uban, ta riƙe wuyan hannunsa tana kallon agogo. Da ta ɗago, wasan ya bar fuskarta. "Kin ji abin da likita ya ce game da zuciyarsa da zafi. Na samo masa gado a gidan kula da tsofaffi kusa da wurin aikina. Akwai sanyi dare da rana."

"Ni fa?"

Griselda ta kawar da kai. "Marasa lafiya kawai suke karɓa. Ke sai ki zauna wurina, ki riƙa zuwa ranakun ziyara."

"Ranakun ziyara," in ji Nélida, tana juya maganar a baki kamar ta tauna tsakuwa a cikin wake. "Tun ba a haife ki ba nake kwana gefen mutumin nan. Yanzu sai wani ya buɗe mini ƙofa da agogo?"

Suka ja, suka ja, a hankali dai don kada ya ji, alhali kuwa yana ji. A ƙarshe Griselda ta ɗauki jakarta ta tsaya a bakin ƙofa.

"Lahadi mai zuwa zan dawo, kuma da tsakar rana zan zo, ba da safe ba, kada ki ce ban faɗa miki ba. In na shigo na ji sanyi, na bar miki shi. In na tarar da wannan, da shi zan tafi ko kina tsine mini."

Kada wani ya ce yarinyar muguwa ce. Ta ga irin tsofaffin da ake kawowa asibiti a watan Janairu, tsakiyar zafin ƙasar nan, leɓe a bushe, ido a kafe, kuma ta ga waɗanda ba a kawo da wuri ba. Nélida ta san haka sarai, shi ya sa abin ya fi yi mata ciwo.

Mutum ɗaya ne a garin yake harkar firiji da na'urorin sanyi, wani jan kunne da kowa ke kira Polaco, wato ɗan Poland, duk da kakansa bai taɓa taka Poland ba. Nélida ta bar mijinta a hannun maƙwabcinsu Braulio masunci, ta lulluɓe Ceferino da jiƙaƙƙen zanen gado gaban fanka, ta tafi da sassafe. A tsakar shagon akwai na'urori biyu irin na kan rufin mota, ɗaya ƙarama ɗaya ƙatuwa.

"Doña Nélida, ni ba zan ɓoye miki komai ba," in ji Polaco, ya dafa ƙaramar. "Wannan ƙanwar marigayiyarku ce. Ramin rufinku daidai ita, in ɗora in ɗaure, ba sai na yanka komai ba. Ba ta da nauyi, ba ta cin wuta. Da daddare har bargo za ki nema."

"Da rana fa?"

Ya sosa kunne. "Da rana za ta rage. Ban ce za ta kashe ba. Motarku ƙarfe ce daga sama har ƙasa, kuma kin san ranar garin nan ba ta da kunya."

"Tsohuwar ai tana isarmu."

"Tana isarku don kuna gudu. Yaushe rabon ku yi Janairu a nan?"

Ta koma gaban babbar, ta sa tafin hannu a kan murfinta.

"Wannan kuwa," in ji shi, murya ta ɗaga, "in kika kunna ta, ko gawa kika ajiye a motar..." Ya cije harshe, kunnuwan suka ƙara ja. "Ina nufin ko nama. Ki yi haƙuri, bakin nan nawa ba shi da birki."

"Ci gaba."

"Sai dai tana da sharaɗi. Tana da nauyi, dole in sa mai walda ya gitta ƙarfe biyu a rufin, in ba haka ba wata rana a kan gadonku za ta sauko. Kuma dole in faɗaɗa ramin. In na yanka na yanka, ƙaramar ba za ta ƙara zama a wurin ba."

"Wutar sansaninmu za ta ja ta?"

"Wuta ai wuta ce, Doña. Layinku ɗaya da namu. Zo ki gani." Ya jona ta, ya danna, ta tashi nan take. Iska mai sanyi ta bugi ƙwaurin Nélida har sai da ta ja siket ɗinta.

Abin da ya rage musu a duniya ba zai sayi biyu ba, don haka ta ce zai ji ta gobe. Da ta koma, ta zauna a bakin gado ta zayyana wa mijinta komai, kamar yadda ta saba tun yana iya mayar mata da magana.

"To, Tsoho, babba ko ƙarama?"

Ceferino ya ɗaga ido ya bi silin ɗin da kallo, katakon da ya goge da hannunsa, ƙusoshin da ya jera ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗaga hannun hagu, ya matso da babban yatsa kusa da manuniya, ya bar ɗan tsakani, alamar ƙarama.

"Na sani," ta ce. "Ba ka son a yanka maka rufi."

Ya girgiza kai, ya sake nuna mata yatsun, leɓensa yana rawa, kalmar ta ƙi fita. Nélida ta miƙe ta hau wanke kofin da yake a wanke. Tsoro ne ya cika ta, kuma ba sanyin da zai rage take nema ba. So take Griselda ta sa ƙafa a ƙofar nan tsigar jikinta ta tashi, ta rasa ta cewa. Gari na wayewa ta aika wa Polaco ya zo da babbar.

Mai walda ya yi ta yawo da hankalinsu, yau ƙarfe bai iso ba, gobe surukarsa ba lafiya, sai ranar Asabar aka hau rufin. Aka fitar da Ceferino kan kujera a inuwa, yana jin kukan zarto a jikin motarsa, idonsa a rufe. Sai da rana ta faɗi aka gama. Polaco ya danna rimot, na'urar ta tashi, labule ya fara rawa. Braulio ya leƙo ya ce a ba shi aron kusurwa ɗaya ya ajiye kifinsa. A daren Nélida ta yi barcin da ta daɗe ba ta yi irinsa ba.

Ranar Lahadi da hantsi motar ta yi sanyi har Ceferino yana makyarkyata. Nélida ta kashe na'urar don ta yi masa wanka da aski kada mura ta kama shi. Ta sa masa farar rigarsa, ta taje masa kai, ta ba shi abinci a baki, ta share ko'ina. Kafin ta gama rana ta take, ƙarfen motar ya fara ɗaukar zafi, sansanin ya yi tsit don kowa ya shige ƙailula. Ta ɗauki rimot ta danna.

Na'urar ta yi gurnani, ƙwan lantarkin kicin ya yi ja kamar garwashi, sai ƙas, ta tsaya.

Ta jira, ta sake dannawa. Gurnani, ƙas. Ta sake. Ta kira Polaco, wayarsa a kashe. To dama wa zai same shi? Mutumin bai yi mata ƙarya ba, wuta wuta ce. Amma shi da safe yake buɗe shago, rana na yi ya rufe ya tafi ya kwanta kamar kowa, kuma tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa gwada wata na'ura da ƙailula ba. A daidai wannan lokaci ne kowane ɗaki a garin yake kunna abin da ya mallaka, har wutar da ke isowa ƙarshen layi, can bakin kogi, ta zama ba ta da ƙarfin kirki.

Zufa ta fara tsattsafowa a goshin Ceferino. Farar rigar ta manne masa a ƙirji. Nélida ta jiƙa tawul ta ɗora masa, ta leƙa hanya, ba kowa tukuna. Ta ajiye rimot ɗin a kan gado ta fita.

A garin nan ba a tashin mutum daga ƙailula. Yara ma da zagi ake kwantar da su, kare ya san ya yi shiru. Abu biyu kawai ke sa a tsaya ƙofar wani a tafa hannu a wannan lokaci, gobara ko mutuwa. Nélida, wadda ba ta taɓa roƙon ko gishiri a sansanin ba, ta tsaya gaban rumfar Braulio ta tafa.

Ya fito ba riga, ido jawur. Da ya ga ita ce, ya yi alamar gicciye a ƙirji. "Don Ceferino ne? Yaushe?"

"Yana nan da ransa. Na'urar ce ta ƙi tashi, kuma yarinyar tana hanya."

Ya saurari gurnanin daga inda yake, ya dubi wayar da ta ratsa sansanin. "Wajen tashi ne take neman ƙarfi, ga shi kowa ya ɗora nasa a layin. In aka sauke mata kaya za ta miƙe." Ya yi ajiyar zuciya. "Ni zan kashe tawa. Sauran kuwa, ke za ki tafa musu, Doña, ni ina son raina."

Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ƙasa na ƙona mata ƙafa ta cikin silifa. Kusan duk wanda ya buɗe da tambayar Braulio yake fara tarar ta, ita kuma ta ce yana nan da ransa, ta faɗi buƙatarta kanta a ƙasa. Wani ya yi tsaki ya kashe. Wata mai jego ta dubi jaririnta ta dube ta, ta kashe. Ta ƙarshe ita ce Doña Eufemia, wadda ta girmi Ceferino ma, tana fama da asma.

"Ke da kika ce babba za ki saya," in ji tsohuwar daga cikin gado. "An gaya mini. Kowa ya ɗebo da zafi ai bakinsa, amma ke namu kika nufa. Miƙo mini sandata."

Nélida ta koma da gudu ta danna. Na'urar ta yi gurnani, ta ja, ta ja, ta kama. Sanyi ya sauko a kan fuskar Ceferino. Ta leƙa ta ɗaga wa Braulio hannu, ya shiga ya kunna tasa, wasu biyu suka bi shi. Ƙwan kicin ya yi ja. Ƙas.

Wannan karon ba ta iya fita ba. Ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da ƙarfen da fasinjoji suke kamawa a da. Braulio ne ya dubi jama'ar da suka fito tsaye cirko-cirko.

"To, kun dai gani. Ko tata ko tamu. Har yarinyar ta zo ta tafi ne kawai. Wanda ya mutu a cikinku ni zan haƙa masa kabari kyauta."

Aka yi gunaguni, amma aka kashe. Ba mai iya zama a cikin ƙarfe ko kwano babu ko fanka, don haka suka kwashi kujeru suka taru ƙarƙashin babbar bishiyar da ke bayan motar. Wani ya kawo tereré, shayin ganye da ake sha da sanyi, da sauran ƙanƙarar da ta rage, kofin yana zagayawa hannu zuwa hannu. Na'urar ta sake tashi.

Griselda kuwa ta ƙi isowa. Nélida ta yi ta kai-kawo tsakanin ƙofa da tagar baya. Inuwar bishiyar ta matsa, suka ja kujeru suka bi ta. Ƙanƙara ta ƙare. Jaririn ya fara kuka, irin kukan da ba na yunwa ba, uwar tana yi masa fifita da murfin kwali. Doña Eufemia ta jingina kai da jikin bishiyar, baki a buɗe, ƙirjinta yana hawa yana sauka. Nélida ta ja labulen tagar ta rufe. Ceferino ya miƙa hannun hagu ya buɗe.

Can sai ga ƙarar mota. Griselda ta fito, ta tsaya tana kallon taron.

"Lafiya kuke zaune a waje da ƙailula?"

"Iska muke sha, 'yata," in ji Braulio, zufa na ɗiga daga haɓarsa. "Likita ya ce tana da amfani."

Ta yi murmushin da bai kai ciki ba, ta hau matakalar motar, ta tura ƙofa. Sanyin ya doke ta. Ta tsaya cik, ta rungume hannuwanta, ta ɗaga kai ta dubi sabuwar na'urar da ƙarafan da aka gitta. Ta wuce wurin uban ta dafa goshinsa, ta riƙe wuyan hannunsa, ta daɗe tana saurare. Da ta juyo idonta ya kawo ruwa.

"To, Mama, kin ci. Wallahi duk hanyar nan addu'a nake yi ki ci. Kina tsammani ina son in raba ku ne?"

Daɗi ya kama Nélida. Ta buɗe baki za ta ce a ɗora ruwan shayi, sai ta ji ɗan ƙara, na'urar ta sassauta, ta yi shiru. Rimot ɗin yana hannun Ceferino.

"Hannunsa ne ya zame," Nélida ta ce da sauri, ta kai hannu za ta karɓa. Ya riƙe gam. Ba ta san akwai sauran wannan ƙarfin a jikinsa ba. Ya ɗaga rimot ɗin ya ƙwanƙwasa gilashin tagar da shi, ya sake ƙwanƙwasawa, har Griselda ta sunkuya ta leƙa. Da shirun da motar ta yi, kukan jaririn ya shigo sosai. Griselda ta dubi tsohuwar da ke jingine da bishiya, ta dubi ɗakunan da ke buɗe babu mai ƙugi ko ɗaya, ta bi wayar da ido har zuwa motar. Nan ta gane abin da aka yi.

Nélida ta durƙusa a gaban gadon. "Tsoho, ka san abin da kake yi kuwa? Ta ce ta bar mini kai. Ka ji ta da kunnenka."

Ya dube ta. Jijiyoyin wuyansa suka tashi, rabin bakinsa mai motsi ya yi ta kokawa, miyau ya zubo a kan farar rigar. Ta jira, kamar yadda take jira kullum ba ta samun komai. Yau kalmar ta fito, a karye, amma ta fito.

"Go... be?"

Ta so ta ce gobe Allah ne ya san ta. Ta so ta ce za ta sake tafa musu, za ta tafa jibi ma, har Janairu ya wuce, har Fabrairu. Ta dubi tagar, ta ga Braulio yana ɗiga wa Doña Eufemia ruwa a ka da tafin hannu. Sai ta miƙe ta je bakin ƙofa, ta ce musu su shiga su kunna kayansu, ta gode. Suka kwashi kujerunsu.

Ta jawo jakar tafiya daga ƙarƙashin gado ta fara naɗe masa riguna. Zafi ya riga ya fara dawowa ta cikin rufin. Griselda ta zo za ta taya ta, Nélida ta ture hannunta.

"Ba ya shan abu da zafi, sai an fifita masa. Aski da ruwan ɗumi, daga hagu ake farawa. In ya ƙi cin abinci kada a matsa masa, a ɗan jira a sake." Ta sa reza da mataji a aljihun jakar, ta ja zif, ta tsaya riƙe da shi. "Kuma in ya farka cikin dare yana laluba gefensa da hannun nan. Ba ruwa yake nema ba, ba fitsari ba ne. A riƙe masa kawai har ya koma. Ki faɗa musu."

"Zan faɗa musu, Mama," in ji Griselda, ba ta iya ɗago kai ba.